Damagaram da bakin teku: daga raƙuman Tarabulus zuwa gadar Gaya



Tun daga watan Agustan 2023, tambayar da ta fi zuwa mana a shirinmu na kasuwa ita ce ta farashi. Uwargida ta kira ta ce buhun shinkafa ya fi ƙarfin maigida. Mai shago ya kira ya ce shi ma haka ya saro. Direban tirela ya kira daga hanya ya ce ya gaji da jiran rakiyar sojoji. Kowa da gaskiyarsa, amma ruwa ba ya tsami banza. Idan muka ɗauki sawun buhun nan daga Kasuwar Dole muka yi ta binsa baya, ba za mu tsaya ba sai a bakin teku, a wata tashar jiragen ruwa da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba.

Mu dai ba mu da teku, ba mu da kogin da jirgin kaya zai bi. Abin da Allah ya ba mu shi ne Korama da tafkuna irin na Gidimuni, na noman rani da kamun kifi. Duk da haka, tun zamanin sarakunan farko arzikin garin nan a ɗaure yake da bakin ruwan wata ƙasa. Sau uku wannan bakin ruwa yana canzawa: Tarabulus, sannan Ikko, sannan Kwatano. Kuma duk lokacin da ya canza, sai Damagaram ta ji a jikinta. Tarihin da za mu bi yau ke nan.

Me ya sa ruwa yake da wannan ƙarfi? Lissafi ne kawai. Raƙumi ɗaya yana ɗaukar kilo 150 ko kusa da haka. Tirela guda mai tan 30 ta kwashe kayan raƙuma 200 ke nan. Jirgin ruwa guda mai ɗauke da tan 30,000 na shinkafa kuwa, sai an jera tirela 1,000 kafin a sauke shi kaf. Shi ya sa ba a taɓa samun hanyar dakon kaya mai arha kamar ruwa ba, shi ya sa kuma duk garin da yake nesa da ruwa yake biyan kuɗin nisansa a kan kowace tiya.

Zamanin da ƙofarmu take arewa

A ƙarni na 19, tashar jiragen ruwan Damagaram tana Tarabulus, a bakin tekun Bahar Rum, fiye da kilomita 2,000 daga nan. Jiragen Turai suna sauke kaya a can, sai ayari ya ɗauka: Gadamas, Gat, duwatsun Abzin, Agadas, Damargu, sannan Zinder, daga nan a wuce Kano ko a karkata gabas zuwa Borno. Tafiya ce ta watanni. Larabawan Gadamas su ne masu jari, Abzinawa, musamman Kel Owi, su ne masu raƙuma da sanin rijiyoyi. Unguwar Zango da muke ratsawa kullum a kan babur, a nan ayarin yake sauka, sunan ma daga nan ya samo asali.

Me suke kawowa? Akoko da sauran yadudduka na masaƙun Ingila, sukari, alharini, duwatsun wuya, allura, turare, bindigogi, da takardar da malamanmu suka rubuta Alƙur'anai a kai, mai alamar jinjirin wata uku, wadda ake yi a Italiya. Me suke komawa da shi? Gashin jimina, wanda matan Landan da Paris suke ado da shi a hula, hauren giwa, da jemammun fatun awaki. Akwai kuma abin da bai kamata mu tsallake ba don kunya: bayi. Baturen Ingila James Richardson da ya zauna a garin nan a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani na hare-haren kamun bayi. Wani ɓangare na dukiyar wancan zamani da hawayen mutane aka tara shi.

Wani Bature, Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Zinder a ƙarshen Disamban 1852, ya zauna yana jiran saƙonsa daga Tarabulus. A watan Janairun 1853 kuɗin suka iso, an ɓoye su cikin akwatunan sukari don kada a gane. Kun ji, tun a lokacin mutum yana iya zama a Damagaram ya karɓi aike daga bakin teku. Barth ya kwatanta garin da ƙofar shiga ƙasar Sudan ga mai zuwa daga arewa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan ƙofa shi ne Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya daɗe a kan gado daga 1851 zuwa 1884. Ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya tara bindigogi, har aka riƙa ƙera igwa a cikin gari. Ya jawo fatake ya ba su aminci, shi kansa yana saka jari a ayari. Bai kuma dogara da arewa kaɗai ba: gishirin Bilma da Fachi yana sauka, kanwar Manga tana wucewa, hanyar Kano a buɗe, ta Borno a buɗe. Daga cikin wannan ciniki ne aka samu attajirai irin su Malam Yaro na Zango, wanda harkarsa ta kai har Tarabulus.

Ranar da jirgin ƙasa ya iso Kano

Faransawa sun kama Zinder a ƙarshen Yulin 1899, bayan yaƙin Tirmini, shekara guda da kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Nan da nan suka tarar da matsalar da muke fama da ita yau: ta ina kaya za su iso? Iyakar farko da suka shata da Ingilishi a 1898 ta bar su da hanyar da babu isassun rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Zinder. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo iyakar kudu, don ayarinsu ya samu ruwan sha a hanya. Wato iyakar da ta raba mu da ƴan'uwanmu na Daura da Katsina, har da maganar dakon kaya a cikin shata ta.

Abin da ya kashe ayarin Tarabulus kuwa daga kudu ya ɓullo. Ingilishi sun ga cewa jiragen ruwa masu hayaƙi suna iya hawowa kogin Kwara daga teku har wani ƙauye mai suna Baro, a ƙasar Nupe. Daga Baro suka shimfiɗa dogo zuwa arewa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma haɗa layin da na Ikko. Kayan da suke yin watanni a bayan raƙumi suka koma zuwa Kano cikin ƴan makonni daga Ingila, a kan kuɗi kaɗan. A shekarar nan dai ta 1911 Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi. Larabawan da ke Kano da kansu suka koma aika fatunsu ta Ikko. Cikin ƴan shekaru babban ayarin arewa ya zama labari, na gishiri kaɗai ya rage.

To kun ga yadda abin ya juye. Jiya Damagaram ce ƙofa, kaya suna ratsa ta kafin su kai Kano. Yau Kano ce ƙofa, mu muka koma ƙarshen hanya, kimanin kilomita 240 daga tashar jirgin ƙasa. Abzinawan da suka rasa dakon hamada suka juya raƙumansu kudu, suna jigila tsakanin Zinder da Kano. Hatta kayan gwamnatin Faransawa ta ƙasar Ingilishi suke biyowa.

Wannan ya taɓa har matsayin garin. A 1911 Zinder ta zama babban birnin Nijar, amma a ƙarshen 1926 Gwamna Jules Brévié ya kwashe gwamnati zuwa Yamai. Dalilin da aka fi faɗa shi ne ƙarancin ruwan sha, kuma gaskiya ne, har gobe muna fama da shi. Sai dai akwai ƙari: Yamai tana bakin kogi, tana kusa da Dahome wadda take hannun Faransa, mu kuwa kasuwarmu da kuɗinmu da dangantakarmu duk suna kallon Kano. Kogin da ba mu da shi yana cikin abin da ya raba mu da kujerar mulki.

Gyaɗa da hanyar Kwatano

Dogon da ya kashe ayari shi ne kuma ya kawo gyaɗa. Bayan Kano, layi ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, duk a kusa da iyakarmu. Manoman Magarya, Matamai, Kance da Mirya suka shiga noman gyaɗa gadan-gadan. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a kasuwanni, ƴan baranda suna saye, raƙuma da jakuna da daga baya motoci suna kaiwa bakin dogo, jirgin ƙasa ya kai Apapa a Ikko, jirgin ruwa ya kai masana'antun mai na Faransa. Dattawanmu suna tuna lokacin tireti, lokacin da ake buɗe cinikin gyaɗa bayan kaka: a nan ake biyan haraji, a nan ake aure, a nan ake sayen keke.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dogon Najeriya ya kasa kwashe gyaɗar Najeriya ma kanta, buhuna suka taru a Kano suka zama dala. Tamu kuwa sai ta bi layi a baya. A 1953 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Opération Hirondelle: motoci su ɗauki gyaɗa su yi yamma zuwa Doso, su gangara Gaya, su ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil, su kai Paraku, inda dogon Dahome ya tsaya tun 1936, sai jirgin ƙasa ya ƙarasa kilomita 438 zuwa Kwatano. Motocin su juyo da siminti, mai da kayan kanti. Hanyar ta fi ta Kano nisa nesa ba kusa ba, don haka sai da gwamnati ta riƙa cika giɓin kuɗin dako. A 1958 aka gina gada tsakanin Gaya da Malanbil, a 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa, OCDN, wadda daga baya ta koma OCBN. A 1965 aka buɗe sabuwar tashar Kwatano mai zurfi, inda manyan jirage suke jingina da gaɓa.

Ga Yamai da Doso wannan hanya daidai take. Ga Damagaram kuwa, a ce mutum ya bar Ikko da ke kudu da shi ya zagaya fiye da kilomita 1,600, siyasa ce ta zaɓa mana, kasuwa ba ta zaɓa ba. Amma siyasar ta yi ranarta: da yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967, sufurin Najeriya ya rikice, kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 don cinikin gyaɗa ya samu wata ƙofar fita. Daga nan kuma fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da noman. Hanyar Kwatano ta ci gaba da aiki, sai dai yanzu abin da take shigo mana da shi ya fi abin da take fitar mana yawa.

Me ya hana mu bin kogi?

Masu sauraro da dama suna tambaya: tunda kogin Kwara ya ratsa Nijar har ya faɗa teku a Najeriya, me ya sa ba a dako a kansa? An gwada. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 an yi mata ƙofofin wucewar jiragen ruwa. A farkon shekarun 1970, gwamnatin Diori Hamani, da taimakon Kanada, ta gwada turo kaya ta kogi daga gaɓar Najeriya har Gaya. Jirgi ya iso, amma harkar ba ta ɗore ba. Kogin yana cika ne na wasu watanni kawai, akwai duwatsu da rairayi a hanya, ga shi gwajin ya faɗa cikin shekarun fari. A watan Yunin 1985 ma ruwan ya tsaya cak a Yamai. Ta gabas kuma, tafkin Chadi da a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, har Gigimi tana bakin ruwa, ya ja baya ya bar garin a tudu. Ita kanta Baro, an sake gina tasharta an ƙaddamar a Janairun 2019, amma ba ta koma matsayinta na da ba.

Dogo ma bai iso ba. Layin Paraku da aka yi ta alkawarin zai kai Doso da Yamai yana nan inda ya tsaya. Wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso daga 2014 bai haɗu da komai ba, bai kuma yi dakon kaya ba. Don haka duk nauyin ƙasar nan a kan taya yake, a kan kwalta ɗaya, hanyar RN1, wadda daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne.

Idan aka rufe ƙofa

Zanen aro ba ya rufe katara. Sau uku a cikin shekaru 40 muka ga haka da idonmu. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986, rufewar ta haɗu da fari, har mutanenmu suka raɗa wa yunwar shekarar suna El Buhari. A Agustan 2019 aka sake rufewa har Disamban 2020. Wannan karon waken manomanmu da dabbobinsu suka rasa hanyar Maigatari, Mai'aduwa da Dawanau, ƴan kasuwar da suke shigo da kaya ta Kwatano su wuce da su Najeriya suka zauna da kaya a magaza.

Na uku shi ne na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta saka takunkumi, Najeriya da Benin suka rufe iyaka a lokaci guda. Ƙofar Ikko da ta Kwatano suka rufe tare. Kwantenoni suka maƙale a tasha, motoci suka yi dogon layi a Malanbil, mutane da ƙananan kaya suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale, kamar kafin 1958. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma hukumomin Nijar suka bar gadar Gaya a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma tashar Lome a Togo, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera cikin jerin gwano da rakiyar sojoji, su iso Yamai, sannan a fara lissafin kilomita 900 ɗinmu. Kowane kwana da direba ya yi yana jira, kowace litar gazuwal, kowane kuɗin ajiyar kwantena a tasha, duk a kan buhun nan na Kasuwar Dole suke sauka. Mu da Difa muka fi kowa biya, don mu ne a ƙarshen hanya.

Har man fetur ɗinmu bai tsira ba. Matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011 a kan hanyar Tanut tana tace ganga 20,000 a rana, ta rage mana dogaro da man da ake shigowa da shi ta teku. Amma ɗanyen man Agadem da ake sayarwa waje, bututu ne mai kusan kilomita 2,000 yake kai shi Seme, a gaɓar Benin. A watan Mayun 2024, da rikici ya yi zafi tsakanin ƙasashen biyu, sai da aka hana jirgi lodi na ƴan kwanaki kafin a sasanta.

Abin da ya rage mana

Ba za mu iya jawo teku zuwa Damagaram ba, amma ana iya matso da aikinta kusa. A Kano an ƙaddamar da tashar tudu ta Dala a Janairun 2023, wato wurin da ake sauke kwantena a yi mata aikin duwan kamar a bakin ruwa. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Daura da Katsina. Idan ya kammala, jirgin ƙasa zai tsaya kimanin kilomita 240 yamma da mu, alhali Daura tana nan kusa da Matamai. Ta arewa kuma akwai babbar hanyar Sahara daga Aljas zuwa Ikko, wadda ta biyo ta Tamanrasat, Arlit, Agadas, Tanut da Zinder, kusan sawun ayarin kakanninmu. Duk wanda ya bi ta kwanan nan ya san akwai wuraren da suke neman gyara.

Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata ƴan kasuwarmu, ƙungiyoyin direbobi, magabatan jaha da masarauta su riƙa ɗagawa a duk inda ake zaman tsara sufuri. Ina maganar reshen dogo zuwa Zinder? Ina tamu tashar tudun? Yaushe hanyar Magarya da ta Matamai za su ɗauki tirela damina da rani ba tare da faɗuwa ba? Wake, riɗi da fatun da muke fitarwa, ta yaya za su riƙa cika motocin da suke komawa wayam, don kuɗin dako ya ragu? A 1911 da 1926 da 1953 an yanke shawarar hanyarmu ba mu wurin. Kada a sake yin haka muna kallo.

Sarki Tanimun da ya gyara ganuwar Birni ƙofofi da dama ya bar mata, kowace da hanyar da take kallo. Mu da muka gaji garin, kada mu yarda a bar mu da guda.

Allah ya sauƙaƙa wa talaka, ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, idan Allah ya kai mu.